Gidaje Biyar Na Mafiyar New York: Daga Ina Suka Fito, Kuma Me Ya Hana Su Mutuwa?

A watan Oktoban 2025 hukumomin Amurka suka sanar da kama mutum fiye da 30 bisa zargin maguɗin caca. Abin da ya ja hankalin duniya shi ne akwai koci da ɗan wasan ƙwallon kwando na gasar NBA a cikinsu. Amma jami'an sun ambaci wasu sunaye da suka fi na 'yan wasan daɗewa a bakin 'yan sanda: Bonanno, Gambino, Genovese da Lucchese. Masu gabatar da ƙara a kotun tarayya da ke Brooklyn sun ce an riƙa shirya wasan karta a ɓoye ana gayyato masu hannu da shuni, alhali injin da ke cakuɗa katin an yi masa aiki yadda zai karanta abin da zai faɗa hannun kowa. Wanda aka cinye ya ƙi biya kuwa, akwai waɗanda za a tura masa. Zargi ne dai, kotu ce mai raba gardama.

Mutane da yawa sun ɗauka labarin mafiya ya ƙare tun zamanin hotuna marasa kala, wasu ma sun zaci ƙirƙirar 'yan fim ce. Ga shi sunayen sun sake fitowa. Huɗun nan, idan aka haɗa da Colombo, su ne ake kira gidaje biyar na New York, kuma tsarin da suke kai ya kusa shekara ɗari.

Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Kalmar mafiya ta zama riga mai faɗi, kowa ana jefa masa. A Najeriya an saba jin “Mafiyar Kaduna”, laƙabin da 'yan jarida suka liƙa wa wasu 'yan boko da manyan ma'aikatan Arewa. Aron kalma ne kawai, ba shi da alaƙa da abin da ake magana a nan. Asalin kalmar sunan ƙungiyoyin asiri ne na tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya. Reshen da ya tsiro a Amurka, 'ya'yansa suna kiransa Cosa Nostra, wato “abin namu”.

Abin da suke kira iyali, ko gida, bai nufin 'yan uwa na jini. Rukuni ne mai shugaba ɗaya, da mataimakinsa, da wani dattijo mai ba da shawara da sasanta rigima da ake kira consigliere. Ƙarƙashinsu akwai masu muƙamin capo, kowane da yaransa. Yaran su ne “sojoji”, wato waɗanda aka rantsar. A bayansu kuma akwai tarin 'yan rakiya da ba a rantsar ba, waɗanda sun ninka sojojin yawa, kuma za su iya fitowa daga kowace ƙabila. Rantsuwa kam sai mai jinin Italiya. Meyer Lansky, Bayahude, ya yi shekaru yana cin tuwo ɗaya da manyan gidajen, amma bai taɓa zama ɗan gida ba.

Yadda ake rantsarwar sananne ne, domin a watan Oktoban 1989 hukumar FBI ta naɗi bikin gaba ɗaya da ɓoyayyiyar na'ura a garin Medford na jihar Massachusetts. Ana soke yatsan mutum, a ƙona hoton wani waliyyin Kirista a tafin hannunsa, ya rantse cewa ya ƙone kamar haka in ya tona asiri. Wannan kame baki shi ne omertà.

Abin lura shi ne soja ba shi da albashi. Abin da ya samu shi ne izinin amfani da sunan gidan wajen tsorata mutane, da tabbacin cewa ba mai taɓa shi sai da izini. Shi zai nemo hanyar kuɗinsa, ya cire kaso ya miƙa wa capo, capo ya cire ya miƙa sama. Umarni kuma yana gangarowa ne baki da baki, ta yadda wanda ya harba bindiga bai taɓa jin muryar wanda ya ce a harba ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan tsari shi ya gagari dokar Amurka shekara hamsin.

Tushe a Sisili, tsiro a unguwannin baƙi

A ƙarni na 19 masu manyan gonaki a yammacin Sisili suna zaune a birni, sun bar gonakin a hannun wakilai da masu gadi. Gwamnatin da aka kafa bayan haɗewar Italiya a 1861 ba ta da ƙarfin kare dukiyar kowa a karkara. Mai gonar lemo da ke kewayen Palermo, wanda bishiyoyinsa ke ɗaukar shekaru kafin su yi 'ya'ya, dare ɗaya ya isa a sare masa su. Sai ya biya wanda zai tsare. Sau da yawa mai tsaron shi ne wanda zai sare in ba a biya ba. Sana'ar ke nan a taƙaice, kuma ba ta canja ba har yau.

Tsakanin 1880 da 1924 Italiyawa kusan miliyan 4 suka shiga Amurka, akasarinsu talakawan kudu. Suka cunkushe a unguwanni irin su East Harlem da Little Italy, ba Turanci, ba amana tsakaninsu da ɗan sanda. Su ne suka fara ɗanɗana kuɗar miyagun cikinsu. Mai shago zai wayi gari da wasiƙa mai zanen baƙin hannu, an ce ya ajiye kuɗi a wuri kaza ko a tashi shagonsa da bam. Wani ɗan sandan New York haifaffen Italiya, Joseph Petrosino, ya yi suna wajen farautar irin waɗannan; da ya bi sawu har Palermo a watan Maris na 1909, can aka harbe shi. Giuseppe Morello, wanda ake ɗauka shi ya kafa rukunin da daga baya ya zama gidan Genovese, jabun kuɗi ne ya kai shi kurkuku a 1910.

Wake ɗaya kuma ya ɓata gari. Bayan kisan shugaban 'yan sandan New Orleans, David Hennessy, a 1890, kotu ba ta samu waɗanda aka gurfanar da laifi ba. A ranar 14 ga Maris 1891 gungun mutanen gari suka fasa gidan yarin suka kashe Italiyawa 11. Tun daga nan kalmar mafiya ta zama bulalar dukan duk wani mai sunan Italiya, abin da ya bar tabo har yanzu.

Haramcin giya da shekarar 1931

Har zuwa 1920 waɗannan rukunoni ƙananan 'yan daba ne na unguwa, kuma ba su fi na Irish ko na Yahudawa ƙarfi ba. A watan Janairun wannan shekara Amurka ta haramta yi da sayar da barasa. Miliyoyin mashaya ba su daina ba, don haka kasuwa sukutum ta faɗa hannun masu karya doka har zuwa Disambar 1933. Shigo da wiski daga Kanada ko ta teku yana buƙatar jiragen ruwa, manyan motoci, rumbunan ajiya, akawu, da toshiyar baki ga ɗan sanda da alƙali da kansila. Ɗan daban da ya iya wannan ya zama ɗan kasuwa. A daidai lokacin kuma Mussolini, mai mulkin Italiya, ya tura wani jami'i mai suna Cesare Mori Sisili a 1925 don ya murƙushe mafiyar can, wasu suka tsallako Amurka da gogewarsu.

Kuɗi ya kawo yaƙi. Daga 1930 zuwa 1931 aka gwabza tsakanin Joe Masseria da Salvatore Maranzano a kan wa zai zama sarkin New York. Wani matashi daga ɓangaren Masseria, Charles Luciano, wanda aka haifa a Sisili a 1897 amma ya girma a titunan New York, ya sayar da ubangidansa. Aka harbe Masseria a wani gidan cin abinci a Coney Island ranar 15 ga Afrilu 1931. Maranzano ya raba birnin gida biyar, ya naɗa kansa shugaban shugabanni. Bai cika wata biyar ba. Ranar 10 ga Satumba wasu mutane suka shiga ofishinsa a Park Avenue da sunan jami'an gwamnati, suka kashe shi.

Luciano bai ɗauki rawanin ba, kuma a nan wayonsa yake. Ya ga cewa kujerar shugaban shugabanni kujerar mutuwa ce. Sai aka kafa majalisar iyayen gida, wadda ta haɗa shugabannin gidaje biyar ɗin da na Chicago da Buffalo. Aikinta raba kasuwa, sasanta rikici, amincewa da sababbin mambobi, da ba da izini kafin a taɓa wani shugaba. Ba ta hana kashe-kashe ba, amma ta rage irin yaƙin da ke jawo idon jarida da na hukuma.

Shi kansa Luciano bai daɗe a waje ba. A 1936 mai gabatar da ƙara Thomas Dewey ya sa aka ɗaure shi shekara 30 zuwa 50 a kan tilasta karuwanci. Sai yaƙin duniya ya zo. Bayan katafaren jirgin nan Normandie ya ƙone a tashar New York a Fabrairun 1942, sojojin ruwan Amurka suka ji tsoron 'yan zagon ƙasa, suka nemi taimakon masu iko da 'yan dakon tashar. Masu ikon kuwa mutanen Luciano ne. A 1946 Dewey ɗin nan, yana gwamna, ya sassauta masa hukunci aka tasa ƙeyarsa zuwa Italiya, inda ya mutu a 1962. Labarin ya nuna inda ƙarfin gidajen ya koma bayan an halatta giya.

Inda kuɗin yake na gaskiya

An fi sanin mafiya da bindiga da ƙwaya. Suna ciki. Amma abin da ya riƙe gidajen New York shekaru da dama ya fi wannan rashin armashi: caca, bashi da ruwa, da ƙungiyoyin ƙwadago.

Cacar lambobi ta talakawa ce. Mutum ya zaɓi lamba mai alƙalami uku ya sa ɗan canjinsa. Damar ci ɗaya ce cikin 1,000, amma in ya ci ana biyansa ninki 600 ne ko ƙasa da haka. Ratar da ke tsakani ita ce ribar. Wanda caca ta cinye sai ya nufi mai ba da bashi, inda aka saba da ƙa'idar “shida kan biyar”: ka karɓi dala 5 yau, mako mai zuwa ka kawo 6. Ruwan kashi 20 cikin ɗari ke nan a mako ɗaya. Mai bashin bai damu a biya uwar kuɗin ba, ruwan yake so ya yi ta gudu. In mai gidan abinci ya kasa, sai ya tashi da sabon abokin tarayya a kasuwancinsa, wanda zai ɗebi kaya bashi da sunan shagon ya sayar ta ƙofar baya har shagon ya durƙushe.

Ƙungiyoyin ƙwadago su ne babbar taska. Dabarar ita ce a kama maƙogwaro, wato wurin da kaya ba za su wuce ba sai da hannun wasu 'yan mutane. Kifi a kasuwar Fulton, in masu sauke shi suka yi jinkirin awa uku, ya lalace. Jirgin da ke tsaye a tasha kullum asara yake. Ɗinkakkun kaya a unguwar teloli ta Manhattan sai da motar ɗauka. Wanda ke riƙe da shugaban reshen ƙungiyar masu wannan aiki ba ya buƙatar nuna bindiga. Ya isa ya ce gobe yara ba za su fito ba. Ma'aikatan da aka kafa ƙungiyar dominsu su ne ke asara sau biyu: ana sayar da haƙƙinsu ga mai kamfani a bayan fage, ana kuma wasa da kuɗin fanshonsu. Asusun fansho na direbobin manyan motoci na ƙungiyar Teamsters ya ba da rancen da aka gina wasu gidajen cacar Las Vegas da shi. Tsohon shugabanta Jimmy Hoffa ya ɓace ranar 30 ga Yuli 1975, ba a ga gawarsa ba.

Misali biyu sun isa su nuna yadda abin ke isa aljihun wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Na farko kankare. A farkon shekarun 1980 duk kwangilar zuba kankare a Manhattan da ta haura dala miliyan 2, wasu 'yan kamfanoni ne kaɗai ke da izinin nema. Su za su zauna su tsayar da wanda zai ci, sauran su rubuta farashin da ya fi nasa don a ga kamar an yi takara. Wanda ya ci ya ba gidajen kashi 2 cikin ɗari. A kwangilar dala miliyan 10, dala 200,000 ke nan. Amma wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da ƙarin da rashin takara ya jawo a kan farashin kansa, wanda mai gini zai ɗora wa ɗan haya, ɗan haya ya ɗora wa mai saye.

Na biyu shara. Gwamnatin birnin ba ta kwashe sharar shaguna da ofisoshi, kamfanoni masu zaman kansu ke yi. Sai aka mai da kowane shago tamkar gonar gado: kamfanin da ya fara kwasarsa shi ke da shi har abada. Mai shago ya ga farashi ya yi yawa ya kira wani kamfani, sai a ce masa ba a zuwa layinsu, ko a faɗa masa farashin da ya ninka. Kamfanin da ya yi taurin kai ya karɓe shi, a ƙona masa mota. A Long Island, a 1989, an harbe wasu masu kamfanin shara biyu da suka ƙi shiga tsarin suka kuma taimaka wa masu bincike. Da birnin New York ya kafa hukumar tantance kamfanonin a 1996, manyan kamfanoni na waje suka shigo, farashi ya sauka sosai. Sai a lokacin masu shaguna suka ga girman harajin da suka yi shekaru suna biya ba rasit.

Me ya sa hukuma ta yi jinkiri?

Dalili na kusa shi ne cin hanci a matakin gari. Frank Costello, wanda ya riƙe gidan Luciano bayansa, ya yi ƙarfi a siyasar jam'iyyar da ke mulkin New York har ana neman albarkarsa kafin a tsayar da alƙali. A 1951 kwamitin Sanata Estes Kefauver ya kira shi, aka nuna zaman a talabijin. Ya ƙi yarda a nuna fuskarsa, sai kyamara ta tsaya a kan hannuwansa suna murza juna. Miliyoyin Amurkawa suka kalla, amma doka ba ta canja ba.

A matakin tarayya, shugaban FBI J. Edgar Hoover ya fi mai da hankali kan 'yan gurguzu, kuma ya daɗe yana ɗaukar manyan laifuka a matsayin matsalar 'yan sandan gari. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta lokacin ce ke tara sunaye tana cewa akwai ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya.

Shekarar 1957 ta kawo ƙarshen musu. A watan Mayu aka harbi Costello, harsashi ya goge masa kai, ya sauka ya bar wa Vito Genovese. A watan Oktoba aka kashe Albert Anastasia, shugaban gidan da daga baya ya zama Gambino, yana kan kujerar aski a wani otal. Aka kira taro don a daidaita al'amura a gidan Joseph Barbara da ke ƙauyen Apalachin, ranar 14 ga Nuwamba. Wani sajan na 'yan sandan jiha, Edgar Croswell, ya lura da jerin motocin alfarma masu lambobin jihohi daban-daban a ƙauyen da ba shi da hanya da yawa, ya sa shinge. Manyan mutane cikin kwat da takalma masu sheƙi suka faɗa daji suna tsallake taɓo. An tsare kusan 60. Da aka tambaye su, akasari suka ce dubiya suka zo, maigidan ba shi da lafiya. An ɗaure 20 daga cikinsu, kotun ɗaukaka ƙara ta sake su a 1960, domin taruwa cin gasasshen nama ba laifi ba ne. Wannan hukunci shi ne hoton matsalar.

A 1963 Joseph Valachi, sojan gidan Genovese da ya yi imanin ubangidansa ya sa a kashe shi a kurkuku, ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawa ya zayyana komai. Daga bakinsa jama'a suka fara jin sunan Cosa Nostra, kuma sunayen shugabannin wancan zamani ne suka manne wa gidajen. Wani kwamitin shugaban ƙasa ya ƙiyasta a 1967 cewa akwai gidaje 24 a faɗin Amurka da rantsattsun mambobi kusan 5,000.

Dokar da ta nufi kan macijin

Duk shekarun nan ana kashe maciji ne ba a sare kansa. A kama soja, ya yi shekarunsa bakinsa gum, ana ciyar da iyalinsa, ya fito. Abubuwa uku suka canja lissafin. Dokar 1968 ta ba da damar naɗar magana a ɓoye da izinin alƙali, a kuma gabatar da ita a kotu. Dokar 1970 ta buɗe hanyar shirin kare shaidu, inda ake ba mutum sabon suna da sabon gari. A cikin dokar ta 1970 ne kuma aka saka sashen da ake kira RICO, wanda masanin shari'a G. Robert Blakey ya tsara.

Ma'anar RICO ita ce: idan aka tabbatar akwai ƙungiya, aka kuma tabbatar mutum yana tafiyar da al'amuranta ta hanyar aikata aƙalla laifuka biyu daga wani jeri a cikin shekara goma, to tafiyar da ƙungiyar kanta laifi ne. Hukuncin ya kai shekara 20 a kan kowace tuhuma, ko rai da rai in akwai kisa, tare da ƙwace dukiya. Ɓarawon zaune ya shiga layi ɗaya da na tsaye. Sai da aka yi kusan shekara goma kafin masu gabatar da ƙara su gane makamin da ke hannunsu.

Da suka gane, abin ya zo da sauri. An dasa na'ura a motar Jaguar da ake ɗaukar shugaban gidan Lucchese, Anthony Corallo, da kuma a kulob ɗin Anthony Salerno, wanda ake ɗauka shi ne shugaban gidan Genovese, a East Harlem. Wani jami'in FBI, Joseph Pistone, ya riga ya yi kusan shekara shida a cikin gidan Bonanno da sunan ɓarawon gwala-gwalai. A 1985 mai gabatar da ƙara na tarayya Rudolph Giuliani ya gurfanar da majalisar iyayen gidan kanta. Lauyoyin da ke kare su suka yi abin da ba a taɓa ji ba: suka amsa cewa mafiya tana nan, amma zama ɗanta ba laifi ba ne. Ba a karɓa ba. A Nuwambar 1986 aka same su da laifi, aka ba Salerno da Corallo da Carmine Persico na gidan Colombo shekara 100 kowanne.

Shugaban Gambino, Paul Castellano, bai ga ƙarshen shari'ar ba, an harbe shi a ƙofar gidan abinci ranar 16 ga Disamba 1985. John Gotti da ya gaje shi mutum ne mai son kwalliya da kyamara. Sau uku yana kuɓuta a kotu, ɗaya daga ciki da sayen mutum guda cikin masu yanke hukunci a kan dala 60,000. Bakinsa ne ya kashe shi. An naɗi hirarsa a wani ɗaki da ke saman kulob ɗinsa, har da inda yake sukar mataimakinsa Salvatore Gravano. Da aka kunna wa Gravano, ya juya. Aka ɗaure Gotti rai da rai a 1992, ya mutu a tsare a 2002.

Gidan Genovese ya bi akasin wannan hanya. Daga baya aka gano Salerno garkuwa ne kawai, shugaban gaskiya Vincent Gigante ne, mutumin da ya yi shekaru yana yawo a unguwar Greenwich Village cikin rigar wanka da silifa yana sambatu kamar mai taɓin hankali. Ya hana yaransa ambaton sunansa. In za a yi maganarsa sai a taɓa haɓa. Sai 1997 aka iya ɗaure shi, kuma a 2003 ya amsa a gaban alƙali cewa haukan na ƙarya ne. Ba mamaki gidansa ne masu bincike suka daɗe suna kallo a matsayin mafi ƙarfi. A 2005 kuwa shugaban Bonanno da kansa, Joseph Massino, ya ɗaura na'ura ya naɗi magajinsa a kurkuku.

Inda masana suka rabu

A kan asalin abin, ra'ayi na farko, wanda hukumomi suka daɗe a kai, yana ganin mafiya baƙuwar cuta ce da aka shigo da ita daga Sisili, mai tsari kamar na soja. Hujjarsa rantsuwa, muƙamai da majalisa, waɗanda faya-fayan FBI suka tabbatar. Ra'ayi na biyu, irin na masanin zamantakewa Daniel Bell, yana cewa Amurka ce ta haifi abinta: kowane rukunin baƙi da aka rufe wa ƙofar gaba yakan samu wasu da za su bi ta taga, Irish suka wuce, Yahudawa suka wuce, Italiyawa ma za su wuce. Wannan ya bayyana dalilin da jikokin baƙin suka zama likitoci da gwamnoni, amma bai bayyana dalilin da gidajen suka daɗe fiye da na sauran ba. Na uku, wanda Diego Gambetta ya yi fice da shi, yana kallon mafiya a matsayin mai sayar da kariya a inda hukuma ba ta iya ba ko ba ta shiga. Labarin kankare da shara sun fi zama daidai a wannan ma'auni, domin wasu 'yan kwangilar sun ji daɗin tsarin da ya kore musu abokan takara.

A kan abin da ya karya su ma akwai saɓani. Masu gabatar da ƙara suna nuna RICO. Wasu suna nuna canjin zamani: Italiyawa sun bar tsofaffin unguwanni, kwantena ta rage yawan 'yan dako, jihohi sun buɗe cacarsu ta halal a doka, manyan kamfanoni sun saye Las Vegas, kasuwar ƙwaya ta koma hannun ƙungiyoyin Kolombiya da Meziko. Hujjojin biyu ba sa kore juna.

Ita kanta RICO tana da masu suka. Suna cewa tana iya haɗa mai ƙaramin laifi da mai babba a tukunya ɗaya, kuma tana dogara da ciniki da masu kisa. Gravano ya amsa hannu a kisan mutum 19, aka yanke masa shekara biyar, sannan a 2000 aka sake kama shi da safarar ƙwaya a Arizona. Masu kare dokar suna cewa ba a samun shaida a kan irin wannan ƙungiya daga bakin liman. Dokar dai ta wuce mafiya tuni: da ita aka tuhumi jami'an FIFA a 2015.

Ƙungiyoyin Italiyawan Amurka kuma suna ƙorafin cewa 'yan dubbai sun shafa wa miliyoyi kashin kaji. Ƙorafin na da tushe, ko da yake wanda ya fi ɗaga murya a kai a 1970, Joseph Colombo, shugaban ɗaya daga cikin gidajen ne. An harbe shi a taron ƙungiyar da ya kafa, a Yunin 1971.

Abin da ya rage, da wanda zai ji a jika

Bayan harin 11 ga Satumba 2001 FBI ta kwashe jami'ai da yawa zuwa yaƙi da ta'addanci, gidajen suka samu sarari. Sun koyi darasin Gigante: ba kulob, ba hira a waya, kisa ya yi ƙaranci ƙwarai. Duk da haka a rana ɗaya, 20 ga Janairu 2011, an tuhumi mutum fiye da 120. Hukumar da aka kafa a 1953 don sa ido a tashar jiragen ruwan New York an rushe ta a 2023 bayan jihar New Jersey ta fice, kuma ana jayayya kan ko aikinta ya ƙare ko kuwa an buɗe ƙofa ne.

Ga mazaunin New York, abin da ke taɓa shi kai tsaye bai wuce ukun da aka saba ba. Ɗan kwangilar gini ko rushe gini yana iya samun baƙo. Ma'aikaci yana iya samun reshen ƙungiyarsa da wanda ke karɓar albashi bai taɓa zuwa aiki ba. Sai ɗan caca. A 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana jihohi halatta caca a kan wasanni, aka yi zaton kasuwar ɓoye ta mutu. Amma manhajar da ke da lasisi sai ka zuba kuɗi kafin ka yi wasa, tana kuma ajiye sunanka inda jami'an haraji za su iya gani. Mutumin unguwa yana ba da wasa bashi, a biya ranar da aka yi alkawari, kuma bai rubuta sunan kowa inda hukuma za ta gani ba. Wanda kuɗinsa ya ƙare a manhaja, wurin wannan mutumin yake komawa.